Masu Sunan Malam

Allurar buhu na bakina, na danne ƙunshin Yaya Abu da gwiwa a ɗakinta da ke Safana, sai ta ce, "Hurera, ashe ke kika ɗaure wa matar Bindiga kayanta?"

Na zare allurar na ce, "Wace ce kuma matar Bindiga?"

"Goggo Tabawa mana, ta Darini. Ai marigayi mijinta Bindiga ake ce masa. Maharbi ne, shi ke buga ta ran sallah."

Tun kafin kaina ya gama gane dalili na saki ƙunshin. Allurar ta suɓuce ta faɗa cikin garin kuka, na tsaya ina kallonta. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in murfin kwano ya faɗi a tsakar gida sai na sami kaina a bayan ƙofa.

Zan dawo kan wannan. Ku ƙannena da ke makarantar kwana, na ji kuna cewa in kun gama, aikina za ku yi, wai ba komai ba ne illa a rataya kaya a sikeli a duba lamba. To bari in fara gaya muku yadda aikin yake.

Kawuna Mani shi ne ejan na masu zuwa Makka ta jirgin sama a wannan yanki namu, daga Batsari har Safana da ƙauyukansu. Kamfanin jirgi a Kano ba ya karɓar kaya sai da takarda: abin da ke ciki, nauyinsa, da sa hannun wanda ya duba. Na maza Kawu ke dubawa. Na mata fa? Wace tsohuwa ce za ta yarda namiji ya zazzage mata ƙunshi, ya ɗaga fatarinta sama yana tambayar mene ne wannan? Shi ya sa da na gama makaranta shekara huɗu da suka wuce, Kawu ya ce in zo in riƙe masa ɓangaren mata. Takardar da Turanci take. A can ƙasanta akwai 'yan layuka biyu da ƙananan baƙaƙe, suna cewa wanda ya sa hannu a kan ƙarya za a kai shi gaban alƙali, kuma ana iya ɗaure shi. Na karanta su sau ɗaya ranar da na fara aiki. Ban sake tunawa da su ba sai a ɗakin Yaya Abu.

Kayan aikina ba su da yawa. Sikeli mai ƙugiya da nake ratayawa a azara ko a reshen dalbejiya, allurar buhu biyu, zaren rama, ashasha ta naɗe kaya, almakashi, sai fensir mai tawada wanda sai an lasa yake kamawa. Duk lokacin tafiyar alhazai harshena kamar na wuni ina shan ɗinya. Sai kuma Inna, mahaifiyata, wadda ke raka ni ko'ina. Ita ke ɗaukar sikeli, ita ke jan masu gida da hira don kada su ga abin da nake cirewa.

Wata biyu Kawu ya yi bai bar ni na taɓa fensir ba. Adakar Inna ya ba ni, in kwance in ɗaure, in kwance in ɗaure. Mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a tsakiyar zannuwa, daddawa nesa da likkafani, man shanu a tandu a ɗinke bakinsa. Yakan ɓoye kwalin ashana a cikin takalmi ko a kunnen zani, in ban gano ba mu koma farko. Laba arba'in da huɗu aka yarda wa kowa. Ashana, kananzir, albarushi, duk abin da ke kama wuta, ba ya hawa. Kuma kullum maganarsa ɗaya: "Ki buɗe komai. Ko an ce miki Alƙur'ani ne, ki yi alwala ki buɗe."

Aikina na farko a Zakka ne. Wata tsohuwa ta ji labarin Larabawa ba su iya niƙa ba, don haka ta sa ɗan dutsen niƙanta a tsakiyar kaya. Sikeli ya kusa tsinke azara. Muka cire, ta yi ta godiya har na ji kunya. Ranar tafiya a tashar mota na hango ta tana takawa kamar agwagwa, da goyo a baya an lulluɓe da mayafi. Shekarunta sun fi saba'in. Na ce, "Iya, goyon wa kika ɗauko?" Ta ce, "Ke dai takardarku ba ta ce a auna goyo ba." Sai da maza biyu suka sauke mata jaririn.

Na ga wadda ta cika risho da kananzir ta ce ai ta toshe shi da tsumma. Na ga wadda ta kawo kaza da ranta, wai ta riƙa yi mata ƙwai a hanya. Duk waɗannan masu sauƙi ne, don ido na ganinsu, hanci na jinsu. Kayan wasan sallah su ne masu wuya.

Babbar Sallah a can take samun alhazai. Yawancin tsofaffin nan kuwa suna da wani nasu da ya tafi a ƙasa tun da daɗewa ya zauna can, ya hayayyafa. Kaka ba za ta je wa jikokin da ba ta taɓa gani ba hannu rabbana ran sallah. Sai ka ga usur na yumɓu, 'yar tsana, kacau-kacau na gwangwani, 'yar ganga, motar kara. Kowanne da yadda ake yi masa. Usur a cusa shi cikin auduga. Motar kara ba ta isa Katsina ma da ranta, gara a ce wa mai ita ta haƙura. 'Yar ganga a leƙa cikinta ta ramin gefe, don nan ake ɓoye ashana. Kacau-kacau a buɗe a ga tsakuwa ce a ciki. Bindigar sallah kuwa, wadda maƙera ke yi wa yara, takardar kamfani ta hana ta da abin zuba mata. Na san wannan sarai. Na ƙwace irinta a gidaje ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Gidan Goggo Tabawa shi ne na uku da na shiga a Darini ran wata Asabar. Inna ta leƙa maƙwabta gaisuwar rasuwa, ni kaɗai na shiga. Ban taɓa ganin kaya masu tsabta irin nata ba. Ba dutse, ba risho, nauyi ma bai cika ba. Sai can ƙarshe ta jawo wani ƙunshi kamar ƙaramin matashin kai, an ɗinke shi da fatar akuya, ɗinkin baduku mai kyau.

Na ce, "Goggo, wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. "Masu sunan Malam ne, ɗiyata. Da ɗan abincinsu."

Na san tana da ɗa a Makka mai 'ya'ya maza. Ko'ina a ƙasar nan, jikan da ya ci sunan kakansa, mai sunan Malam ake ce masa. Sai kunnena ya ƙara wata kalma da ba ta faɗa ba, na ji kamar ta ce na masu sunan Malam ne. Tsarabar jikoki ke nan. Na girgiza ƙunshin, na ji ƙarafa na kacau-kacau, wani abu kuma na shuu kamar gari a gwangwani. Na ce a raina usur ne da garin gumba. Na ɗauko almakashi dai, sai ta ce, "Kwana biyu baduku ya yi kan ɗinkin nan." Na dubi fatar, na dubi allurata ta buhu, na dubi rana. Na lashi fensir na rubuta: kayan wasan yara, da abinci. Na sa hannu.

Ku da kuka yi shekaru a makarantar kwana kamar ni, ku saurara. Mace irin Goggo ba ta faɗin sunan mijinta, ko da ya shekara ashirin a kabari. In kuwa sunan nasa sunan wani abu ne, abin nan ya rasa sunansa a bakinta har abada. Matar Anaruwa ta unguwarmu, ko sama ta tsage ba ta cewa ana ruwa, sai dai ta ce ana jiƙewa. Yanzu kafin in sa ƙafa a gida, sai na tsaya maƙwabta na tambayi sunan maigidan da laƙabinsa, da na ɗan fari. Amma ran Asabar ɗin ban tambaya ba. Ran Alhamis motar alhazai ta tashi daga Batsari zuwa Kano, Kawu na gaba, Goggo da ƙunshinta na baya. Ran Litinin Yaya Abu, mai jiran ayari na biyu, ta yi mini tambayarta.

Na fito tsakar gida na gaya wa Inna. Ta ajiye goron da take ɓarewa ta ce, "Ko akuyar Darini ta san Bindiga. Ku 'yan boko kun san sunan Sarauniyar Ingila, ba ku san na maƙwabtanku ba."

Na ce, "Inna, ƙila dai usur ne."

"Ƙila dai ni ce Sarauniyar."

Muka bar kayan Yaya Abu a buɗe, muka sami motar itace zuwa Batsari. Talata da sassafe muna bakin maƙera. Maƙerin da ke yin kayan sallah ya ga mun zo, ya yi murna, ya zaci ciniki ne.

"Goggo Tabawa? Goma sha biyu na ƙera mata." Ya ɗauko ɗaya daga rataya ya nuna mini, kamar ban san ta ba: ɗan bututun ƙarfe kamar yatsa a kan guntun icce, da ƙusa ɗaure da zare. A zuba albarushi ɗan tsunkule, a sa ƙusa, a buga a dutse.

Na ce, "Albarushin fa, Baba?"

"Gwangwanin madara cike. Na maharba, ba na yara ba. Jikokin Bindiga guda, a ba su mai ƙarar tusa?"

"To da ta zo, me ta ce maka tana so?"

"Ta ce in ƙera mata masu sunan Malam." Ya dube ni da mamaki. "Wa bai gane wannan ba?"

A makaranta an koya mana cewa man jirgi a fukafukansa yake, kuma injinsa zafi gare shi. Mata goma sha tara na ɗaure wa kaya a tafiyar nan, na san fatarin kowacce. Kawu ya ce ran Laraba za a auna kaya, ran Alhamis a tashi. Ga gwangwanin albarushi na maharba, ga sunana a ƙasan takarda da kyakkyawan rubutun da na ci lambar yabo a kansa.

Kafin azahar muna Katsina, a gidan waya. Ma'aikacin ya miƙo mini takardar buga waya. Na rubuta KAWU, na rubuta BINDIGA, sai na ji tari a bayana. Na waiga, ɗan doka ne, ya zo sayen kan sarki. Bai ma dube ni ba. Amma na ga kaina ina miƙa wa gwamnati takarda da bindiga da albarushi da sunana a jere, na taimaka musu da aikinsu. Na dunƙule takardar na cusa a ɗankwali. Na karɓi wata na rubuta:

KAWU KADA MASU SUNAN MALAM SU HAU JIRGI HURERA

Na karanta wa Inna a hankali. Ta ce, "Ya fi ladabi ma."

Sai da muka hau motar komawa gida na tuna Kawu bai kasance a ɗakin Goggo ba ranar da ta faɗi maganar.

Laraba, Alhamis, Juma'a, ba labari. Duk keken da ya tsaya a ƙofar gidanmu na ɗan doka ne a wurina. Mai tallan gishiri ya yi sallama sau ɗaya, na miƙa masa hannuwana biyu don ya sa mini ankwa. Ran Juma'a na haɗa kayan gidan yari: zani biyu, bargo, buta, sabulun salo. Na naɗe da ashasha na ɗinke, har na rataya a sikeli, don hannu ya saba. Inna kuwa ta bi unguwa tana tambayar ko ana barin a kai wa mutum miyar kuka a can.

Asabar bayan la'asar Kawu ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Ya sha, ya gaishe da Inna, ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya muka ji da zafi. Ya tambayi ƙafarta mai ciwo. Ya tambayi akuyar da ya bari da ciki, mace ta haifa ko namiji. Ina durƙushe a gefe, ba damar in katse babba. Sai da ya ƙare da akuyar sannan ya juyo.

"Hurera, Allah Ya shirye ki. Wace irin waya ce wannan?"

Ya ce ta same shi Laraba da hantsi, ana cikin layin awo. Ya karanta sau uku bai gane ba, sai ya karanta da ƙarfi ko wani zai gane. A ayarinmu kuwa mutum tara ake kira Malam. Wuri ya rikice. Ɗaya ya ce lalle yarinyar mafarki ta yi, jirgi zai faɗi da malamai, ya zauna kan akwatinsa ya fara wasiyya. Wani ya ce 'yan boko ne ke son a hana malamai aikin hajji. Wani dattijo na Safana ya ja Kawu gefe ya raɗa masa cewa shi fa ba malamin gaske ba ne, kira ne kawai, ko izu biyu bai haɗa ba, a bar shi ya hau.

Ana cikin haka sai muryar Goggo daga layin mata: "Mi suka yi mata? Ai ita ta ɗaure su da hannunta!"

Aka kawo ƙunshin gaban Baturen awo, aka farke ɗinkin baduku. Kawu ya ce, "Ni tun daga ƙusar na gane su, amma kafin in yi magana Bature ya kai hannu." Bature ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya sa a baki ya busa, ba ta yi kuka ba. Ya ce wa tafinta ya tambayi mai kaya sunan abin. Goggo ta ja mayafi ta rufe baki.

"Masu sunan Malam ne."

"Wane Malam?"

"Nawa."

"To mene ne sunansa?"

"Kai yaro, ba ka da uwa a gida?"

Sau uku ana wannan zagaye. Daga ƙarshe Goggo ta gaji. Ta ce, "Tunda ba ku ganewa, kawo nan." Ta karɓe ta daga hannun Bature, ta buɗe gwangwani, ta tsunkulo, ta zuba, ta sa ƙusa, ta nemi dutse ba ta gani ba, sai ta buga a kan ƙarfen sikelin kamfani.

Kawu ya ce bai san lokacin da ya kwanta ba. Da ya ɗaga kai, Bature na ƙarƙashin tebur, tafinta ya fita ta taga, malamai tara na rub da ciki, har da na ƙaryar. Goggo kaɗai ke tsaye cikin hayaƙi, tana cewa, "To, kun ji sunan."

Na ce, "Kawu, takardar fa?"

"Ina zuwa."

Bature ya fito ya kakkaɓe wandonsa, ya ce a kawo takardar kayan. Ya karanta kayan wasan yara, ya ce wannan gaskiya ne. Ya karanta abinci, ya ɗaga gwangwani ya dubi Goggo. Ta ce, "To mi suke ci in ba shi ba?" Aka dawo da tafinta ta ƙofa, Kawu ya yi masa bayanin marigayi da sunansa da dalilin rufe baki, shi kuma ya juya wa Bature. Bature ya sa aka maimaita masa sau biyu. Sannan ya ce a nuna masa wayar. Ya duba ranar da aka buga ta, ya ga tun kafin kaya su hau ne. Ya sa aka juye albarushin cikin bokitin ruwa a gabansa. Ƙarafan kuwa, tunda ba abincinsu, ya mayar wa Goggo goma sha ɗaya. Ɗaya ta shige aljihunsa.

Kawu ya ɗauki ruwa ya ƙara sha.

Na ce, "Kawu, ni fa?"

"Ke mi?"

"Gidan yari."

Ya dube ni, ya dubi Inna. "Ashe ban faɗa ba? Ya ce wadda ta bugo waya da kanta kafin a ɗora kaya ba maƙaryaciya ba ce, sakarai ce kawai, kuma ba a ɗaure mutum don wannan. In an sake dai, ni da ke mu koma noman gyaɗa. Jirgi ya tashi Alhamis da hantsi, an bugo sun sauka lafiya, har da malamai tara. Ba wanda zai taɓa ki."

Rana na kan katangar maƙwabta a lokacin, ladan bai kira magariba ba. Inna ta rangaɗa guɗa har akuya ta tsinke igiya. Ni kuwa na jawo ƙunshin gidan yari na fara farke ɗinkinsa.

Kawu ya sa takalmi, ya kai bakin zaure, sai ya juyo.

"Af, Goggo ta ce a gaishe ki. Ta ce ke yarinyar kirki ce, ga ladabi, ga iya ɗinki. Sai dai abin tausayi, ba ki jin Hausa."